Madacin bakin titi, na wa ne?

Duk wanda ya taɓa takawa a ƙasa cikin watan Afrilu, wajen ƙarfe biyu na rana, daga titin Isa Kaita ya ratso Ahmadu Bello Way ya nufi Tudun Wada, jikinsa zai gaya masa daidai inda bishiyoyin Kaduna suka ƙare. A can sama kana tafe iska na kaɗa ka, manyan madatai sun haɗa kai sun rufe titi. Da ka tsallako, sai kwano da kwalta da siminti, zafi na tasowa daga ƙasa yana dukan fuska. Gari ɗaya ne, rana ɗaya ce a sama, amma wani yana shan iska a ƙofar gidansa, wani kuma jaririnsa ya kwana kuka saboda ƙurajen zafi.

A Tudun Wada nake zaune, malamin firamare ne ni, kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin daji ne har ya yi ritaya. A bakinsa na fara jin sunayen itatuwa, kuma shi ya koya mini in duba bawon bishiya kafin in ɗaga kai in dubi ganyenta. Shi ya sa idan ana maganar aikin da hukumomin muhalli ke yi a garin nan, na dashe da na wayar da kan jama'a, ba na iya yin shiru.

Inuwar nan ta unguwannin manya ba da kanta ta fito ba. Lugard ya zaɓi wurin nan a 1913, aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, kuma tun daga zanen farko an bar wa gidajen Turawa da manyan ma'aikata fili mai yalwa, aka jera musu madaci da mangwaro a gefen tituna. Wurin da aka ware wa leburori da ƙananan ma'aikata kuwa, gida na jingine da gida. Daga baya darbejiya ta iso, wadda aka fara kawo ta Najeriya ta Borno a 1928, ta zama bishiyar talaka saboda ba ta da tsada wajen raino. A 1954 aka keɓe gandun dajin Afaka, can bayan Mando, inda aka yi ta gwajin turare da wasu itatuwan waje don a ga wanda zai karɓi ƙasar nan. Mahaifina yakan ce wanda ya dasa madaci ba shi ke shan cikakkiyar inuwarsa ba, jikokinsa ne. Waɗanda muke gani yau, waɗanda mutum biyu ba sa iya zagaye gindinsu da hannu, yawancin masu dasa su sun daɗe a ƙasa.

Ba zan ce ba a yin komai ba, don zai zama zalunci. Akwai Ma'aikatar Muhalli ta jiha, akwai Hukumar Kare Muhalli, wato KEPA, wadda kowa ya san ta da batun tsafta da gargaɗin ambaliya, akwai kuma KASUPDA mai kula da tsarin gine-gine. A zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i an fito da shirin Keep Kaduna Green da burin dasa bishiya miliyan ɗaya duk shekara. Yanzu kuma ga shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 700, wanda ya haɗa jihohin Arewa 19 da Abuja, Kaduna na ciki. Duk ranar 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, za ka ji jawabai a rediyo, ka ga manya da shebur a hannu, ana raba dashe kyauta. Na san wasu ma'aikatan da ke cikin wannan aiki da zuciya ɗaya, suna yawo cikin rana da babur ɗinsu, wani lokaci da man da suka saya da kuɗin aljihunsu. Allah ya saka musu.

Abin da ke damuna shi ne lissafin da muke yi. Kullum adadin da aka dasa ake faɗa. Wanda ya kamata a faɗa shi ne adadin da ya ga damina ta uku da ransa. Dashe a garin nan ba cikin damina yake mutuwa ba, don Allah ya hore mana ruwa daga Mayu har Oktoba. Mutuwarsa tana tsakanin Disamba da Afrilu, lokacin da hunturu ya busar da ƙasa, bazara ta biyo baya, akuya kuma ba ta ganin wani kore a layi sai shi. A yi taro a dasa a watse ba tare da an ɗora wa wani alhakin bishiyar ba, daidai yake da a yi suna a ci tuwo, a tafi a bar jariri babu mai shayarwa. Tambayar da nake so a riƙa yi kafin a haƙa rami ita ce: wannan ta wa ce? Wa zai ba ta ruwa a watan Fabrairu? Idan amsar ita ce "ta gwamnati ce," to an gama, don a nan duk abin da aka ce na gwamnati ne, kowa na ganin ba nasa ba ne.

Kuma kafin ma a je ga sabon dashe, akwai tsofaffin da ke mutuwa a tsaye muna kallo. Wannan ya fi ci mini rai, saboda babu zarto a cikin labarin, babu wanda za a kama a ce shi ya sare. Ku tsaya ku dubi gindin madatan bakin titi, za ku ga kusan kowanne an ɗaye masa bawo har inda hannu ke kaiwa. Bawon madaci magani ne, kakanninmu sun sha shi don zazzaɓi da ciwon ciki, kuma ban zo in hana kowa ba. Amma a ƙarƙashin bawon nan akwai wata siririyar hanya da abincin da ganye ya sarrafa ke bi ya sauka zuwa saiwa. Idan an sassaƙi gefe ɗaya kaɗan, bishiya na iya rufe ciwon a hankali. Idan aka zagaye gindin gaba ɗaya, an yanke wa saiwa abinci ke nan. Ganyen zai ci gaba da zama kore na ɗan lokaci, har mutum ya ɗauka lafiya lau, can sai rassan sama su fara bushewa, gara ta samu ƙofa, wata rana iskar farkon damina ta kwantar da ita kan motar wani.

Na taɓa samun wani dattijo da 'yar gizagonsa yana sassaƙar wani madaci da sassafe. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ina neman alfarma. Wannan gefen an riga an cinye shi, in aka ɗebi nan ma bishiyar ba za ta kai baɗi ba." Ya dube ni ya ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba nake ɗibar magani a nan." Na ce, "Gaskiya ne Baba, shi ya sa nake so jikokinka ma su samu na ɗiba." Ya yi shiru, ya zagaya ya duba gindin da kansa, ya ce a da su kaɗan ne masu ɗiba, kuma iyayen gidansu sun hore su kada a taɓa ɓangare biyu a shekara guda, a kuma shafe wurin da laka. Yanzu, in ji shi, yara ne ke zuwa da buhu suna kaiwa kasuwa. Ashe ilimin yana nan wurinsa, ya ma fi ni saninsa. Abin da babu shi ne wanda zai tara irinsa da masu buhun nan a zauna a yi magana.

Bayan masu bawo akwai siminti. Mutum zai gyara ƙofar shagonsa, ya malala siminti ko ya jera intalok har ya shaƙe wuyan bishiya, ruwa ba ya shiga, saiwa ba ta numfashi. Akwai masu tara bola a gindin bishiya su cinna wuta, wutar ta cinye gefe ɗaya ta bar kogo. Akwai bakanike da mai gyaran janareto da ke juye baƙin mai a gindin darbejiyar da yake aiki a ƙarƙashinta tun safe har magariba. Akwai ƙusoshin masu tallar makaranta da na 'yan siyasa. Babu ɗaya daga cikin mutanen nan da ya tashi da niyyar kisa. Mai facin layinmu, da na nuna masa yadda man ke yi wa ƙasa, cewa ya yi, "Wallahi Malam ban sani ba, ai da wannan inuwar nake ci." Washegari ya samo tsohuwar jarka yana tara man, yana ma sayar wa masu katako. Magana ta minti biyar ce, amma sai an je inda yake an yi masa ita, cikin harshen da yake ji, ba tare da an fara da barazanar tara ba.

A nan nake ganin ya kamata aikin wayar da kai ya sauya wuri. Taron otal da Turanci da ruwan roba, mutanen da ke halartarsa sun riga sun yarda tun kafin su zo. Wanda ake nema yana Panteka yana walda, yana Kasuwar Barci, yana tashar Kawo yana lodi, ko kuma tana cikin gida tana hura gawayi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai unguwa ya san kowace bishiya a yankinsa da wanda ke zama a ƙarƙashinta. Limamin Juma'a yana da jama'ar da babu wata hukuma da za ta iya tarawa, haka fasto ranar Lahadi a Kakuri ko Sabon Tasha. Kuma ba sai an aro hujja daga waje ba. Hadisi ingantacce ya zo cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Wani kuma ya ce ko da Ƙiyama za ta tsaya alhali akwai dashe a hannun mutum, in ya samu iko ya dasa shi. Yaran Islamiyya sun haddace waɗannan, saura a nuna musu ramin da bokitin. Gidajen rediyonmu ma, daga Rediyon Tarayya zuwa KSMC da Nagarta da Freedom, suna shiga ɗakunan da ma'aikacin hukuma ba zai taɓa shiga ba.

Sai dai wanda zai yi wa mutane wa'azin dashe, dole ya fara sauraron dalilin da ya sa suke gudunsa, don ba jahilci ba ne kawai. Maigida zai ce saiwa ta fasa masa katanga ta shiga masai, kuma gaskiya ne in cediya ko durumi aka dasa jikin gini. Uwargida za ta ce ita ke shara, ganye na toshe mata kwata. Ɗan haya zai ce don me zai raini bishiya a gidan da za a iya ba shi notis gobe. Wani na tsoron maciji, wani na tsoron reshe ya taɓa wayar wuta, wasu kuma har yanzu ba sa son tsamiya ko kuka kusa da gida saboda batun iskoki. Yi wa waɗannan dariya ba ya dasa ko ɗaya. Amsarsu ita ce kowane wuri da irin bishiyarsa. Ƙaramin tsakar gida ya ishi zogale da gwaiba da lemun tsami, kuma matar gida ba za ta bari su mutu ba tunda suna shiga tukunya. Darbejiya da mangwaro a ja su nesa da bango da rijiya. Madaci da ɗorawa da gamji na filin makaranta ne, da maƙabarta, da filin idi, da bakin babban titi inda babu waya a sama.

Batun gawayi kuwa, ina jin nauyin yin magana a kansa da zafi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, kilo ɗaya na gas ya haura naira 1,000, gidaje da yawa da suka saba da gas suka koma murhu. Duk wanda ya bi hanyar Kachia ko ta Abuja ya ga buhuna jere a bakin titi. A cikinsu akwai kirya da marke, akwai ma kaɗanya, wadda matan karkara ke samun man kaɗe daga gare ta. Rashin tsaro kuma ya nisanta malaman daji da dazukan da suke gadi. Ba mu manta da ɗalibai 39 da aka sace a kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris na 2021 ba. Ba zan iya ce wa uwar 'ya'ya shida ta daina girki ba. Abin da zan iya ce mata shi ne akwai murhu mai rage cin gawayi da itace, kuma in da hukuma za ta sa maƙeran Panteka su riƙa ƙera shi da araha, a kai shi makarantun matan aure a gwada a gabansu, zai fi allon gargaɗi amfani nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da ya shafi gwamnati ita kanta. Aikin sabunta birni da aka fara a 2019 ya faɗaɗa tituna, ya kawo sabuwar gadar Kawo, kuma duk mai shiga gari ya san an samu sauƙin cunkoso. Ni ma ina jin daɗin titunan. Amma tsofaffin bishiyoyi da dama sun tafi a wannan aiki, kuma furanni da 'yan dogayen itatuwan ado da ake jerawa a tsakiyar titi ba sa maye gurbin madaci mai shekara saba'in. Mai jiran Keke Napep ba zai fake a ƙarƙashin fure ba. Ra'ayina shi ne a ƙirga manyan bishiyoyin birnin nan ɗaya bayan ɗaya, a ba kowace lamba, a rubuta unguwarta da irinta da lafiyarta. Duk mai zanen titi ko katafaren kanti a ɗora masa wannan rajista a gabansa tun kafin ya ja layi, ya nuna wadda zai kauce wa da wadda babu makawa sai ta tafi, da kuma inda zai biya diyyarta da dashe har ya girma. Talakan da aka ce kada ya sare ta ƙofar gidansa yana kallon abin da ake yi a babban titi. In ya ga doka ta hau kan ɗan kwangila, shi ma zai bi.

Bakin kogi ma haka. Waɗanda suka ga ambaliyar 2003 ba su manta ba, kuma kusan duk shekara sai an yi wa mazauna gaɓar kogin Kaduna gargaɗi su tashi. Itatuwan gaɓa su ke riƙe ƙasa da saiwarsu. Inda aka share su aka yi gini ko aka kwashi yashi, nan ruwa ke fara ci.

A makarantarmu mun gwada wani abu mai sauƙi. Ba mu ce bishiyoyin na makaranta ba ne, mun raba wa azuzuwa, kowane aji da nasa, kuma suna tafiya da su daga aji zuwa aji har su fita. Yara suka kawo fasassun bulo da tsohuwar taya da ƙaya aka yi shinge. Ruwan wanke hannu da na alwala ba ya zuba a banza, a bokiti yake taruwa. Ba duka suka rayu ba, hutun Disamba ya ci wasu, sai da muka roƙi maigadi da wata maƙwabciya suka riƙa taimakawa. Amma ranar da akuya ta shigo ta cinye kan wata darbejiya ta 'yan aji huɗu, wata yarinya ta zo ofis da hawaye tana cewa, "Malam, an cinye mana tamu." Wannan "tamu" ɗin nake nema a bakin manya.

Daga nan muka kai maganar masallacin layinmu. Na je wurin Liman bayan la'asar na ce, "Allah gafarta Malam, ruwan alwalar nan sau biyar kullum yana gangarawa kwata, ga rana na dukan sahun waje ranar Juma'a." Ya kira ladan da wani magini cikin mamu, aka ja 'yar hanya daga wurin alwala zuwa ramuka biyu a gefen haraba. Kuɗin da aka kashe bai kai na buhun siminti ba. Bishiyoyin nan ba su san rani ba, kuma yanzu tsofaffi a ƙarƙashinsu suke jiran magariba. Masallatai nawa ne a Rigasa da Unguwar Sanusi da Badarawa da Hayin Banki, kowanne da wurin alwala?

Ga wanda ke da niyya a bana, lokacin ya fi komai muhimmanci. A haƙa rami tun farkon Mayu, zurfinsa da faɗinsa kamar kamu ɗaya na hannu zuwa gwiwar hannu ko fiye, a gauraya ƙasar sama da taki wanda ya riga ya ruɓe. A dasa cikin Yuni ko Yuli, bayan ruwa ya zauna, don saiwa ta samu wata uku ko huɗu tana kama ƙasa. Dashen Satumba wahala ce kawai. A yage ledar kafin a sa a rami, don na sha tono matattun dashe in tarar da su cikin ledarsu. Shinge kuma a yi shi ranar da aka dasa, ba gobe ba.

Mu a layinmu mun riga mun je wurin mai unguwa, ya amince a zagaya gida gida a rubuta tsofaffin bishiyoyin da suka rage da sunan wanda ya yarda ya zama mai kula da kowace. Mai shayi ya karɓi mangwaron da ke kusa da teburinsa, mai faci ya karɓi darbejiyarsa, matasan majalisa sun karɓi madacin kwana, kuma sun ce za su fasa simintin da ya shaƙe shi su buɗe masa wurin shan ruwa kafin ruwan farko. In mun kammala rubutun za mu kai kwafi ofishin hukumar muhalli, mu roƙi a turo mana ma'aikaci ya duba guda biyu da muke zargin sun yi kogo, ya faɗa mana ko a rage musu rassa ko a bar su.